Kurakuran da aka fi yi wajen neman sababbin waƙoƙin mawaƙa masu cin gashin kansu

Mawaƙin da ba ya ƙarƙashin ɗaya daga cikin manyan kamfanonin faifai uku na duniya, wato Universal da Sony da Warner, ba shi da kuɗin tallar da za ta cusa waƙarsa a kunnen jama'a, don haka mai sauraro ne ke da aikin tashi ya nemo shi. Mutane da yawa suna fara wannan nema da zafinsu, amma bayan 'yan makonni sai su koma kan waƙoƙin da suka saba, suna cewa ai yanzu babu abin kirki da ke fitowa. Abin kirki yana fitowa kowane mako. Yadda ake neman ne yake buƙatar gyara.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne sakar wa manhaja ragamar zaɓi gaba ɗaya. Tun daga 2015 Spotify take haɗa wa kowane mai amfani da ita jerin waƙoƙi talatin duk ranar Litinin, kuma sauran manhajojin sauraro suna da makamancin haka. Wannan jeri ana gina shi ne a kan abin da mutum ya riga ya saurara da abin da masu irin ra'ayinsa suke saurara, saboda haka yakan dawo masa da 'yan'uwan waƙoƙin da ya sani, ba kasafai yake kai shi inda bai taɓa zuwa ba. Bugu da ƙari, mawaƙin da ya fitar da waƙarsa ta farko jiya, wanda masu sauraronsa ba su fi ɗari ba, bai bar wa na'ura isasshen bayanin da za ta san wa za ta kai wa shi ba. Jerin yana da amfaninsa, amma bai kamata ya zama ƙofa ɗaya tilo ba. Maganin shi ne a koma ga gidajen rediyon da ɗan'adam ne yake zaɓen abin da za a saka.

Irin waɗannan gidaje suna nan a intanet, kuma saurarensu kyauta ne. Akwai KEXP da ke birnin Seattle a Amurka, wadda ta samo asali daga rediyon ɗalibai na Jami'ar Washington a 1972. Akwai NTS da Femi Adeyemi ya kafa a Landan a 2011. Akwai BBC Radio 6 Music da ta fara aiki a 2002. Akwai WFMU a jihar New Jersey, da SomaFM a San Francisco. Sai dai a nan ma akwai inda ake tuntuɓe. Mutum yakan kunna gidan rediyo sau ɗaya, ya ci karo da shirin da bai yi masa ba, ya yanke hukunci cewa gidan ba nasa ba ne. A irin waɗannan tashoshi ba gidan ake bi ba, mai gabatar da shiri ake bi. NTS kaɗai tana da ɗaruruwan masu shirye-shirye, wasunsu sau ɗaya a wata suke zuwa, kuma abin da wannan zai saka da safe ba shi da dangantaka da abin da wancan zai saka da daddare. Abin da ya dace shi ne a ɗanɗana shirye-shirye da dama har a sami mutum biyu ko uku da kunnensu ya zo daidai da na mai sauraro, sannan a riƙe su, a kuma yarda da su ko da sun saka abin da ya yi wa kunne baƙunta. Haka masu sauraro a Ingila suka riƙe John Peel, mai gabatar da shirin waƙoƙi a rediyon BBC, daga 1967 har rasuwarsa a 2004, kuma ta hannunsa ƙungiyoyin kiɗa masu yawa suka fara shiga rediyo tun ba a san su ba. Bambancin lokaci tsakanin ƙasashe ba uzuri ba ne, domin NTS da WFMU suna ajiye tsofaffin shirye-shiryensu a shafukansu don a saurara daga baya.

Wani kuskuren, ƙarami a ido amma mai jawo asara, shi ne rashin rubutawa. Waƙa ta burge mutum yana tsakar aiki, ya ce zai tuna sunanta, kafin yamma ta ɓace. Shazam, manhajar da take gano sunan waƙa idan ta ji sautinta, tana taimakawa, amma sau da yawa takan gaza a kan waƙar da ba a fitar ba tukuna ko wadda aka rera kai tsaye a ɗakin watsa shiri. Idan sunan ya wuce, a rubuta lokacin da waƙar ta tashi. KEXP da WFMU suna wallafa jerin abin da suka saka, kuma da lokacin za a gano ta.

Sai gaggawar yanke hukunci, wadda a ganina ita ce ta fi cutar da ƙananan mawaƙa. A Spotify ba a ƙirga cewa an saurari waƙa sai ta kai daƙiƙa talatin, kuma wannan ya sa masu yin waƙa don kasuwa suke tura amshi da duk abin jan hankali zuwa farko-farko. Kunnen da ya saba da haka yakan ƙosa idan ya haɗu da waƙar da take ɗaukar minti biyu tana shimfiɗa kafin ta buɗe, alhali yawancin masu cin gashin kansu sun zaɓi wannan hanya ne don kada kowa ya tsara musu yadda za su gina waƙarsu. Wanda yake tsallake waƙa bayan daƙiƙa goma ba nema yake yi ba, tantance abin da ya riga ya sani yake yi. A bar waƙa ta kai ƙarshe, a sake jin ta washegari, a kuma saurari kundin daga farko zuwa ƙarshe yadda mai shi ya jera shi, domin akwai waƙar da ba ta bayyana sai an ji wadda ta gabace ta.

Akwai kuma masu zaton cewa kiɗan masu cin gashin kai salo guda ne, na samari huɗu da jita da ganga. Kamfanin faifai na Warp da aka kafa a Sheffield ta Ingila a 1989 da kiɗan na'ura ya yi suna, 4AD da ya fara a 1980 yana da nasa launi, Rough Trade da Merge da Domino kowanne da inda ya fi karkata. Bin kamfani hanya ce da aka yi watsi da ita, alhali tana da albarka: ƙaramin kamfani mutane kaɗan ne ke zaɓen wanda za su ɗauka, don haka idan kundi ɗaya daga wurinsu ya yi wa mutum daɗi, akwai kyakkyawan zato cewa wani ma zai yi. Haka nan a karanta sunayen da ke jikin kundi, wanda ya haɗa sauti da waɗanda suka taya kiɗa, domin kowane suna zai iya kai mutum ga wani aikin.

A ɓangaren wasan kai tsaye, babban kuskure shi ne makara da gangan don a tarar da babban mawaƙi kawai. Masu share fage, waɗanda suke hawa dandamali zauren bai cika rabi ba, su ne ainihin sababbin da ake cewa ana nema, kuma galibi babban mawaƙin ne ko masu shirya wasan suka zaɓo su saboda sun ga wani abu a tattare da su. Gani ya kori ji: ƙungiyar da faifanta bai yi armashi ba saboda ƙarancin kuɗin ɗauka tana iya girgiza ƙaramin zaure. Bayan sun sauka, sau da yawa za a tarar da su a wani tebur kusa da ƙofa, gumi bai bushe musu ba, suna sayar da riguna da faifai da hannunsu suna ba da canji, kuma tambaya ɗaya a wurin, wato su wa suke saurara a kwanakin nan, takan samar da sunayen da babu manhajar da za ta kawo. Wanda ba ya kusa da irin waɗannan zauruka bai rasa komai duka ba. Shirin Tiny Desk na gidan rediyon NPR na Amurka, wanda aka fara a 2008, da wasannin da KEXP take ɗauka a ɗakinta duk suna YouTube. Bukukuwan baje kolin sababbin mawaƙa kamar SXSW da ake yi a Austin ta Amurka a watan Maris da The Great Escape da ake yi a Brighton ta Ingila a watan Mayu suna wallafa sunayen ɗaruruwan masu zuwa tun kafin lokaci, kuma bin jerin nan suna bayan suna ya isa aikin wata guda.

Mai yawan zuwa wasa kuma kada ya yi sakaci da kunnensa. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar cewa matsakaicin ƙarar sauti a wuraren wasa kada ya wuce desibel 100, kuma ko a wannan mataki tsayuwar sa'o'i kusa da lasifika tana iya yin illar da ba ta warkewa. Abin toshe kunne da aka yi don masu kiɗa yana rage ƙara ba tare da ya ɓata sauti ba.

Game da sababbin fitowa, tun daga watan Yuli na 2015 masana'antar kiɗa ta tsayar da Juma'a a matsayin ranar fitar da faifai a faɗin duniya. Sakamakon haka shi ne cunkoso, inda manya suke mamaye shafukan farko na manhajoji, ƙanana kuma su nutse. Wanda ya tsaya a kan abin da aka nuna masa ranar Juma'a ba zai gan su ba. Ya fi kyau a bi mawaƙi da kamfaninsa a Bandcamp, dandalin intanet da mawaƙa suke sayar da waƙoƙinsu kai tsaye, wadda take aiko da saƙo idan sun fitar da sabon abu. Kuma kada son sabo ya sa a manta cewa kundin da ya fito shekara biyar da suka wuce sabo ne ga wanda bai taɓa jin sa ba.

Kuskuren da ba a cika son a faɗa ba shi ne ɗaukar cewa sauraro kaɗai ya wadatar a matsayin goyon baya. Daga 2024 Spotify ba ta biyan komai a kan waƙar da ba a saurara sau 1,000 ba cikin wata goma sha biyu, kuma waƙoƙin sababbin mawaƙa da yawa a ƙasan wannan layi suke. A Bandcamp kuwa kamfanin yana ɗaukar kashi 15 cikin ɗari na cinikin waƙa da kashi 10 na cinikin kaya kamar faifai da riga, sannan tun daga Maris na 2020 akwai wasu ranakun Juma'a da yake yafe kasonsa baki ɗaya. Sayen kundi ɗaya a irin wannan rana ya fi sauraro sau ɗaruruwa amfani ga mai shi. Gidajen rediyon ma haka suke: KEXP da WFMU da SomaFM sun dogara ne ƙwarai da gudummawar masu sauraro, kuma a 2010 da BBC ta yi niyyar rufe 6 Music, ƙorafin da masu sauraronta suka yi ne ya sa aka janye shawarar.