Yadda na tsayar da yoyon tsohon jirginmu a Dadin Kowa

Jirgin katako ne mai inji, na mahaifinmu, muna kamun kifi da shi a madatsar Dadin Kowa da ke kan kogin Gongola. Kullum sai an kwashe ruwa a cikinsa, inji kuma yana girgiza.

Kafin komai sai da muka cire injin tun jirgin na bakin gaɓa, domin nauyinsa na iya tsaga katakon baya idan ana ja. Muka rufe mai, muka kwance ƙusoshin da ke riƙe shi, muka jingina shi a tsaye don kada mai ya zube. Sannan muka shimfiɗa gumagumai, matasa suka ja jirgin da igiya har tudu.

Bayan ya bushe na kankare gansakuka, na bi katakon ƙasa da na baya ina ƙwanƙwasawa da guduma. Lafiyayyen katako ƙara yake yi, ruɓaɓɓe kuwa shiru. Ashe katakon baya da injin ke zama a kai ne ya ruɓe, shi ya kawo girgizar da yoyon gaba ɗaya.

Kafinta ya sauya shi da maɗaci. Muka cusa auduga a tsagogi, muka bi da narkakkiyar kwalta. Farfela ma ta lanƙwashe, bakanike a Gombe ya miƙar da ita.