Darasi na 9: Ɗaki mai sanyi, tun daga bulo har silin

Jama'a barkanmu da zuwa aji. Darasin yau na masu shirin gini ne, ko da ɗaki ɗaya ne da falo, don yawancinmu sai an gama gini an tare sannan a fara kukan zafi, alhali tun ranar da kafinta ya buga kwano aka riga aka yanke hukunci.

Kowa ya san watan Maris da Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, zafi kan haura digiri 40, yara duk ƙurajen zafi, a kwashe katifa a koma tsakar gida, ga wuta babu, fankar ma in ta juya iska mai zafi take hurowa. To daga ina zafin nan yake shiga ɗaki? Mafi yawansa daga sama ne.

Ku lura da wurin nan da ke tsakanin kwano da silin. Rana tana dukan kwano tun hantsi, kwano ya ɗau zafi ya juye shi cikin wannan wurin, in babu hanyar fita sai iskar ta tsaya nan tana dahuwa kamar tanda. Ku tambayi duk mai gyaran wayar wuta da ya taɓa shiga cikin silin da azahar, minti biyar ba ya yi yake saukowa riga sharkaf. Wannan zafin ne yake ratso silin ya sauko kan mutane, har bayan isha'i ɗakin bai huce ba.

Maganinsa ba tsada. Iska mai zafi sama take yi, saboda haka a bar mata ƙofa a sama. A ce wa birkila ya bar ramuka a bangon da ke ƙarƙashin tulluwar rufi, gefe da gefe, iska ta shiga nan ta fita can, amma a sa raga, in ba haka ba jemagu da tsuntsaye da ɓeraye sun samu gida kyauta kuma warin kashin jemage ba a magana. Sannan kar a manne silin da kwano don tsimin bulo, a ƙara layi biyu ko uku bayan linta, ɗaki ya yi tsayi, wurin ya samu fili. Wanda ya samu hali akwai wata takarda mai ƙyalli kamar azurfa da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin kwano kafin a buga, tana mayar da zafi baya, sai dai gefen mai ƙyallin yana buƙatar sarari a gabansa, in ya manne da wani abu amfaninsa ya ragu sosai. Launi ma magana ce. Yanzu yayi ake na kwano baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu wai ya fi kyau a ido, ni dai ban ga kyan abin da zai hana ni barci ba, fari ko mai haske shi ke korar rana, baƙi shanye ta yake yi. Kuma don Allah a guji tsohon silin na asbestos, ƙurarsa tana lalata huhu.

Sai bango. Kakanninmu da suka yi ginin ƙasa da tubali ba wauta suka yi ba, wanda ya taɓa shiga Gidan Makama a Kano ko wani tsohon soro na azara da rana tsaka ya san yadda sanyi ke tarbar mutum tun daga zaure. Dalili kaurin bango ne, zafi yana ɗaukar sa'o'i kafin ya ratsa ƙasa mai kauri, kafin ya iso ciki rana ta faɗi. Bulon siminti mai inci 6 kuwa siriri ne, nan da nan ya ɗauka ya miƙa ciki. Gwada da kanka, bayan magariba ka ɗora tafin hannu a bangon yamma daga cikin ɗaki, za ka ji shi da ɗumi kamar bayan tukunya. Don haka bangon waje a yi da inci 9, musamman na yamma da na gabas, inci 6 a bar shi ga rabe-raben ciki. Mai son ginin ƙasa ya yi abinsa ba kunya, kawai ya ɗaga tushe da dutse ko siminti saboda ruwan damina, ya kula da gara da yaɓe duk shekara.

Manyan tagogi su kalli kudu da arewa, kuma su fuskanci juna yadda iska za ta wuce, bangon yamma a rage masa taga, nan ne ya fi dacewa da banɗaki ko sito. Bakin kwano ya zarce bango kamar ƙafa 2, ya yi masa inuwa ya kare shi daga feshin ruwa, a yi filasta a shafa fenti mai haske. In akwai fili a dasa darbejiya ta yamma, amma nesa kaɗan da gini saboda saiwa.

Aikin gida: kowa ya zana ɗakinsa a takarda, ya rubuta gabas, yamma, kudu, arewa, ya sa alama a bangon da ya fi zafi bayan magariba, ya kuma duba ko akwai ramin iska tsakanin kwanonsa da silin. Ku zo da takardar mako mai zuwa, wanda rubutun ya ba shi wahala zai faɗa da baki mu rubuta tare a allo.