Borrow da Lend: Inda Ake Tuntuɓe da Yadda Za a Gyara

A aji, a ofis, a layin cike fom a banki, jimlar da kunne ya saba da ita ita ce *Please borrow me your pen.* Wanda aka faɗa wa ya gane, ya miƙo biro, an wuce wurin. Amma a Turancin da ake aunawa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, da wanda ake rubuta wasiƙar ofis ko takardar yarjejeniya da shi, wannan jimla karyayya ce. Daidai ɗinta ɗayan biyu ne: *Please lend me your pen*, ko kuma *Can I borrow your pen?*

Tushen kuskuren yana cikin Hausarmu. Muna cewa "na ari littafi a wurin Malam", muna kuma cewa "Malam ya ara mini littafi". Saiwa ɗaya ce ke aikin mai karɓa da na mai bayarwa, ƙarshen kalmar da ɗan "wa" ko "mini" da ke biye su ne ke nuna inda littafin ya nufa. Haka rance yake: "na ranci kuɗi", "ya ranta mini kuɗi". Ɗalibi ya haddace tun firamare cewa *borrow* shi ne aro, to ran da ya so ya ce "ara mini" sai ya jera kalma kan kalma ya samu *borrow me*. Turancin buroka da ake ji a kasuwa da tasha shi ma haka yake faɗa, shi ya sa kuskuren ya samu gindin zama har a bakin masu digiri.

Turanci kuwa ya raba aikin gida biyu, kamar yadda muka raba saye da sayarwa. *Borrow* na mai karɓa ne, abu yana shigowa hannunsa da niyyar zai mayar. *Lend* na mai bayarwa ne, abu yana barin hannunsa da sa ran zai dawo. Mutanen Nijar da suka yi karatu da Faransanci sun riga sun san wannan rabo, domin *emprunter* shi ne *borrow*, *prêter* shi ne *lend*.

Akwai gwaji mai sauƙi idan an yi kokwanto. A cire kalmar, a sa *take* a gurbinta, sannan a sa *give*. Wadda ta zauna ita ce ke nuna hanya: *take* na tafiya da *borrow*, *give* na tafiya da *lend*. Ba wanda zai ce *Take me your pen* yana nufin a ba shi biro, kowa *Give me your pen* zai ce, ke nan *lend* ake nema. A *I want to ___ some money from my uncle* kuwa, *give from my uncle* ba ta faɗuwa, *take from my uncle* ce ta zauna, ke nan *borrow*.

Ginin jimlar

Sanin ma'ana bai wadatar ba, sai an san abin da ke bin kowace kalma. *Borrow* tana da gini ɗaya tak: abin da aka ara ya biyo ta, sannan *from*, sannan mai abin. *She borrowed a pot from her neighbour*, wato ta ari tukunya a wurin maƙwabciyarta. *Lend* tana da gini biyu. Ko dai mutum ya fara zuwa sannan abu, ba tare da wata kalma a tsakani ba, *He lent his friend a bicycle*, ko abu ya fara zuwa sannan *to* sannan mutum, *He lent a bicycle to his friend*. Duka biyun daidai ne, ma'anarsu ɗaya.

Daga nan za a ga cewa *borrow to* da *lend from* ba su da wurin zama a wannan gini. Haka nan *Lend to me your pen* ta haɗa gini biyu wuri ɗaya, sai a zubar da *to* ko a mayar da ita ƙarshe. Idan abin da ake magana a kai an riga an ambace shi, aka koma kiransa *it*, ginin da ya fi aminci a rubutu shi ne *Lend it to me*.

Alama mafi saurin kama kuskure ita ce ganin *me*, *him* ko *us* manne da *borrow*. Kusan kullum wannan tuntuɓe ne. A yi hattara da *her* dai, domin tana da fuska biyu. *I borrowed her pen* daidai ce, ma'anarta na ari bironta. *I borrowed her a pen* kuwa kuskure ce idan ana nufin na ara mata biro. Ɗan *a* ɗin nan ne kaɗai ya raba su.

Wani abin lura: idan Bature ya matsa wa *borrow me a pen* sai ta ba da ma'ana, abin da zai fahimta shi ne "aro mini biro", wato je ka wurin wani ka karɓo mini. Bambancin "ara mini" da "aro mini" Bahaushe ba ya ɓata a kansa ko cikin barci. Na farko shi ne *lend me*, na biyu shi ne *borrow it for me*. Wanda ya riƙe wannan ya gama da rabin matsalar.

Wasu kuma da aka yi wa gyara sau da yawa sai su zarce, su guji *borrow* gaba ɗaya, su koma cewa *Can I lend your charger?* An gudu ba a tsira ba. Idan roƙon abu ake yi, wanda ya fara da *Can I* ko *May I* kansa yake nufi, shi ne mai karɓa, sai *borrow*. Wanda ya fara da *Can you* ko *Could you* mai abin yake nufi, sai *lend me*.

Shuɗaɗɗen lokaci

*Borrow* ba ta da wahala, *borrowed* ce kawai, a kula dai da harafin *r* guda biyu. *Lend* kuwa ba ta karɓar *-ed*. Babu *lended* a daidaitaccen Turanci, *lent* ake cewa, kamar yadda *send* ke komawa *sent*, *spend* ta koma *spent*, *bend* ta koma *bent*. *He lent me his car yesterday. He has lent me his car before.* Bayan *did* sai kalmar ta koma asalinta: *Did you lend him the money?* Rubuta *Did you lent* kuskure ne da masu duba takarda ke yawan ja wa jan biro.

Furuci na da hannu a nan. Galibin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, saboda haka baƙin ƙarshe a *lend* da *lent* yakan narke a baki, duka biyun su fito kamar "len". A magana ba a cika ganewa ba, a rubutu ne asiri ke tonuwa. Yana da kyau a riƙa faɗarsu a bayyane, ana fitar da *d* da *t* sarai, har kunne ya saba. Idan kuma aka ga *Lent* da babban harafi a tsakiyar jimla, wata kalma ce dabam, sunan azumin kwana 40 da Kiristoci ke yi kafin Ista.

Jimlar da ba a ambaci mai aikatawa ba ita ma tana kayar da mutane. "An ranta mini naira 20,000" ita ce *I was lent ₦20,000*. Wanda ya rubuta *I was borrowed ₦20,000* ya ce shi kansa aka ara. Idan kuɗin ne a gaban jimla, kowace na iya zuwa gwargwadon abin da ke biye: *The money was borrowed from the cooperative*, *The money was lent to a farmer*.

Inda kuskuren ke iya jawo asara

A kan biro ba wanda zai yi rigima. A kan kuɗi kuwa labari ya sha bamban. A ɗauki saƙon waya ko 'yar takarda da aka rubuta *I borrowed him ₦50,000*. Marubucin yana nufin shi ya ba da kuɗin. Amma *I borrowed* a Turanci furucin mai karɓa ne, don haka wanda ya karanta daga baya, lauya ne ko magajin ɗayansu, zai iya fahimtar cewa marubucin ne ake bi. Takardar da aka rubuta don ta kashe gardama sai ta zama ita ce abin gardamar. Mai bayarwa ya rubuta *I lent him ₦50,000*, mai karɓa ya rubuta *I borrowed ₦50,000 from him*, a sa cikakken suna a gurbin *him*, a sa kwanan wata da ranar biya. A fom ɗin banki ma haka ne: *borrower* shi ne wanda ya karɓi rance, *lender* shi ne bankin, *guarantor* kuma wanda ya tsaya wa mai karɓa. A duba da kyau kafin a sa hannu a layin da ba nasa ba.

*Loan* suna ne, shi ne rancen kansa. Ana cewa *apply for a loan* wajen nema, *take out a loan* wajen karɓa, *repay a loan* wajen biya. A Amurka musamman, ana amfani da ita a matsayin aikatau, amma ko a can gefen *lend* take tsayawa. *The bank loaned me money* ta halatta, *I loaned money from the bank* ba ta halatta ba.

Sai *owe*, wadda Hausa ke juya wa baya. Mu mai kuɗin muke sawa a gaba, mu ce "ina bin sa bashi". Turanci wanda ake bi yake sawa a gaba: *He owes me*. "Yana bi na naira 5,000" ita ce *I owe him ₦5,000*. Mai fassara kalma kan kalma yakan fara da *I* domin ya ji "ina", ya ƙare da ɗora wa kansa bashin da shi ke bi. Ita *owe* kuma ba ta son *-ing* a irin wannan jimla, *I owe him* ta fi *I am owing him* karɓuwa a rubutu.

A wani ɓangaren Hausa ta fi Turanci rarrabewa. Aro na abin da za a mayar da shi kansa ne, kamar tsani ko tabarma. Rance na abin da za a kashe ko a cinye a mayar da madadinsa ne, kamar kuɗi ko kwanon gero. Turanci bai damu da wannan ba, *borrow* da *lend* sun ɗauke duka. Wajen mayarwa ne bambancin ke ɗan leƙowa: kaya *return* ko *give back*, kuɗi *pay back* ko *repay*. *Return back* maimaici ne, *back* tana cikin *return* tun asali. Karɓar kaya a shago bashi kuma ba *borrow* ba ce. Wanda ya ɗauki buhun shinkafa sai ƙarshen wata zai biya, *He bought it on credit* ake ce masa.

Haya ma dabam take. Idan akwai kuɗin da ake biya don amfani da abu, *rent* ko *hire* ake cewa: *rent a shop*, *hire canopies and chairs* na biki. Abin da ba a ɗauke shi daga inda yake kuwa *use* ya fi dacewa da shi, shi ya sa baƙo zai ce *May I use your toilet?* Idan kuma mutum ya san a ransa ba zai mayar ba, ya ce *give* kawai ya huta.

Akwai 'yan maganganu da kalmarsu ta kafe, ba a musanya ta. *Lend a hand* shi ne kama wa wani aiki. *Lend an ear* shi ne saurarawa da kyau, kusa da "ba ni aron hankalinka". A lissafin ɗebewa, idan za a cire 8 daga 23 aka aro ɗaya daga gidan gomomi, *borrow one* ake cewa. Masana harshe ma *borrow* suke cewa kan kalmomin aro: Hausa ta ari "tebur" da "mota" daga Turanci, ta ari "littafi" da "alƙalami" daga Larabci, *Hausa borrowed these words*, ko da yake ba ranar mayarwa. Namu salon maganar kuma a bar shi a gida. "Kada ka ari bakina ka ci mini albasa" ba ta da alaƙa da *borrow* a Turanci, *Don't put words in my mouth* suke cewa.

A tambayoyin cike gurbi na jarrabawa, kafin a duba zaɓin da aka bayar a fara duba abin da ke bayan gurbin. *Could you ___ me your notes?* mutum ne ya biyo kai tsaye, amsa *lend*. *The trader ___ heavily from the bank last year*, ga *from* ga kuma *last year*, amsa *borrowed*. *I wish I had not ___ it to him*, ga *to* ga *had*, amsa *lent*. Wadda ta fi kayar da ɗalibai ita ce irin *Whose book did you ___?* domin babu *from* babu *to*. A nan sai a koma ga gwajin farko: littafin wani ne ya shigo hannunka, *take* ta zauna, amsar ita ce *borrow*.