Yadda ake ƙawata tsakar gida da tulu da randa a Bauchi

Tun da firij da bokitin roba suka samu wurin zama, gidaje da yawa a Bauchi sun jingine randa a bayan ɗaki. Abin takaicin shi ne, waɗanda suka jingine ta su ne ke zuwa su sayo tukunyar fulawa ta roba da tsada, kafin shekara ta zagayo rana ta cinye launinta, bakin ya fara ɓarewa. Alhali tukunyar yumɓu ce ta dace da irin zafinmu. Jikinta na tsattsafo da ruwa kaɗan-kaɗan, iska ta busar, cikin ya yi sanyi. Abin da ke sanyaya ruwan randa ke nan, kuma shi ne zai hana saiwar shuka dahuwa a Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan kusanci digiri 40.

Ajiye tulu don ado ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, tulunan ruwa take ginawa da hannu tana zana musu kadangare da kifi da kunama. Sarkin Abuja na lokacin (Suleja ta yanzu), Sulaimanu Barau, ya tara wasu a gidansa, a can ne wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya gan su a 1950.

Da farko, kada ka sayi komai sai ka karanci gidanka. Ka ɗauki yini guda kana lura da inda rana ke faɗawa da hantsi da inda take tsayawa bayan azahar. Kusurwar da ke samun ranar safe, inuwa ta rufe ta da la'asar, ita ce ta fi kowace daraja. Ka kuma duba inda indararo ke zubo da ruwa, da hanyar da yara ke gudu, da inda uwargida ke shanya da daka. Duk waɗannan wurare ba na tulu ba ne. A gida madaidaici, wuri biyu ko uku sun isa: gefen ƙofar shiga daga zaure, kusurwar da ido ke fara sauka a kai idan an shigo, sai gindin bishiya in akwai. Ni dai ban ga kyan jera tukwane goma sha a jikin katanga ba. Babbar randa ɗaya, tulu matsakaici a gefenta, ƙaramin kasko a gabansu, sun fi jan ido nesa ba kusa ba.

Sai zaɓe a kasuwa, kuma nan ne ake yawan yin asara. Ko a Wunti ko a Muda Lawal ka tambayi inda masu tukwane suke, ko ka jira ranar kasuwar ƙauye inda maginan ke kawo kayansu da kansu. Kada zane ya ruɗe ka. Ɗaga tulun ta baki, ka ƙwanƙwasa cikinsa da bayan yatsa. Wanda ya gasu sosai zai ba ka ƙara mai tsawo, tar da ita. Wanda ya ce "bus" ko dai bai ji wuta ba, ko yana da tsaga da ido bai gani ba, kuma damina ɗaya za ta narkar da shi. Ka juya shi ka fuskanci rana, ka leƙa ciki. In haske ya ratso ta wani siririn layi, ajiye shi. Baƙin tabon da wuta ta bari a jiki ba aibi ba ne, shi ne ma adonsa. Haka wanda aka yayyafa wa makuba tun yana da zafi, ya yi duhu yana ɗan sheƙi.

In Allah ya haɗa ka da maginiyar da kanta, ka ce mata, "Inna, na shuka nake so, a huda min gindinsa tun yana ɗanye." Za ta yi maka, kuma ka huta da aiki mafi haɗari.

In kuwa gasasshe ka saya, huda ta zama dole, domin tukunyar da ba ta da mafitar ruwa kabarin shuka ce, musamman a Agusta da ruwa ke sauka ba ƙaƙƙautawa. Ka nutsa gindin tulun a baho ya kwana, yumɓun ya sha ruwa ya rage tauri. Da safe ka kife shi a kan tarin yashi ko tsohon buhu da aka ninka. Kafa ƙusa mai inci 4 a tsakiyar gindin, ka dinga bugu a hankali da ƙaramar guduma kana juya ƙusar, garin yumɓu na fitowa ja-ja. Gaggawa ce ke fasa tulu. Da ƙusa ta ɓulla, sai ka faɗaɗa ramin da bakin tsohuwar wuƙa har babban yatsa ya iya shiga. Babbar randa tana son rami uku. Mai injin huda zai gama cikin minti kaɗan, amma a sa bakin da ake huda bango da shi, a kashe bugun injin, a riƙa ɗiga ruwa.

Yanzu mazauni. Tulunmu gindinsa a kewaye yake, ba ya tsayuwa da kansa, kuma guguwar farkon damina ba ta wasa. Ka jera duwatsu uku kamar murhu ka ɗora shi, Bauchi ba ta rasa dutse ba, ko ka sa mai walda ya yi maka zoben ƙarfe mai ƙafa uku. Ko ta yaya dai, gindin ya tashi daga ƙasa kamar faɗin yatsu huɗu. Ruwa zai samu hanyar fita, gara ba za ta bi rami ta shiga ba, saiwa kuma ba za ta zarce ta kama ƙasa ba. A nan za ka cika shi, don randar da ta sha ƙasa mutum biyu ma da ƙyar suke gusar da ita.

Ka rufe ramin da tsingaro guda, bayansa na kallon sama, yadda ruwa zai bi ta gefe amma ƙasa ba za ta zube ba. Haɗin ƙasar: kwano 2 na ƙasar gona, kwano 1 na yashi mai tsakuwa-tsakuwa, kwano 1 na taki. Takin ya zama wanda ya ruɓe har ya daina wari, ya koma baƙi yana marmashewa a hannu. Ɗanyen kashin kaji ƙone saiwa yake yi. Ɗan dakakken gawayi ba ya ɓata komai. Kada ka cika har baki, bar wajen yatsu uku don ban ruwa.

Abin shukawa kuwa, a nan zan ja kunne. Masu sayar da fulawa a bakin titi sukan kawo kaya masu ɗaukar ido, wasu irin na Jos ne. Jos tana kan tudu kusan mita 1,200, Bauchi wajen rabin haka, Gombe ma ƙasa da haka. Abin da ya yi lub-lub a can zai iya ƙonewa a nan cikin bazara ɗaya. Ka tambayi mai sayarwa ko a garin nan aka raini dashen. A wurin rana, alobera tana jurewa, haka fulawar nan mai ƙaya da ke hawa katanga tana fure ja ko ruwan hoda. Akwai kuma shukar da ake kira ƙarya, mai kumburarren gindi da jan fure, wadda ba abin da ya kai ta kyau a tulu, amma ruwan jikinta guba ne, don haka gidan da ke da yara ƙanana ko awaki a haƙura da ita. A inuwa-inuwa, na'ana'a da ɗoɗɗoya da ciyawar shayi sun fi min komai, ga kore ga ƙamshi ga amfani a kicin. Tulu mai ƙaramin baki a ba shi abin da ke zubowa ta gefe, ba mai babbar saiwa ba, don ranar cirewa sai an fasa.

Ba kowane tulu ne sai an shuka masa abu ba. Wanda ke da zane mai kyau a bar shi haka. Sai dai kada a bar shi a buɗe. Ruwan sama zai taru, sauro kuma cikin kwana 7 zuwa 10 ya gama ƙyanƙyashewa ya tashi. In ya bushe kunama ce za ta tare. A huda shi shi ma, ko a cika shi da yashi a rufe saman da fararen tsakuwa, ko a kwantar da shi a kaikaice bakin na kallon ƙasa. Babbar randa mai ruwa ba murfi kuwa, a gidan da yaro ke tatata, kada a kuskura.

Fenti: in kana so, ka tsaya a wuya da kafaɗa. Fentin mai da aka shafe jiki duka da shi yana toshe ƙofofin da ke kawo sanyin.

Ban ruwa da sassafe ko bayan la'asar, a zuba har ya ɗigo ta ƙasa. Yumɓu ya fi roba saurin bushewa, saboda haka a bazara kullum ne ga masu ganye, alobera kuwa sai ƙasa ta bushe. Da hunturu ka tsoma yatsa ka ji kafin ka zuba, ka kuma wanke ƙurar da ta kwanta a ganye. In ka ga fari-fari kamar kanwa ya fito a jikin tulu, gishirin ruwan rijiya ko na burtsatse ne, buroshi da ruwa za su fitar. Bayan shekara biyu, ko da ka ga saiwa ta leƙo ta rami, ka jira ruwan farko na Mayu ko Yuni, ka kwantar da tulun a kan buhu, ka zaro shukar, ka rage saiwar, ka sake sabon haɗin ƙasa.