Yadda Nake Haɗa Aiki, Labari da Tattaki

Dabarata ita ce kada ka ware wa kowanne lokacinsa daban, domin yini ba zai isa ba. Bari tattaki ya ɗauki nauyin ƙagaggen labarin da kake rubutawa.

Da an tashi aiki, kafin ka zauna, sa takalmi ka fita. Idan ka zauna, shi ke nan, gajiya ta ci ka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa a kwana biyar ya wadatar.

Fita da tambaya ɗaya tak game da labarinka: me jarumar take so, wa ya tare mata hanya? Cire abin sauraro daga kunne. Ni a nan nake jin muryoyin mutanen labarina, har in riƙa furta maganarsu a hankali, in ji wadda ta zauna a baki. Wadda ta yi daɗi, ɗauke ta da murya a waya nan take, don ba ta jira.

Da dare rubuta shafi ɗaya, ka tsaya a inda ka san abin da zai biyo baya. Ranar da aiki ya yi yawa, bar rubutun, amma ka taka ko na minti goma.