Masu rufin kwalta da tsakuwa, ku hau sama kafin damina

Salam jama'a, musamman 'yan uwa na Agege da Idi-Araba masu tsofaffin benaye.

Kafin ruwan Afrilu ya sauka, ku hau rufin da tsintsiya mai tauri. Duk inda kwalta ta fito fili, ku sharo tsakuwa ku rufe ta. Ba sai kun saya ba, yawanci tana nan tare a bakin magudanar ruwa, inda ruwan bara ya kai ta.

Ba don ado aka zuba tsakuwar nan ba. Ita ke tare wa kwalta rana. In babu ita, kwaltar takan bushe, ta tsattsage, ruwan Yuni da Yuli ya samu hanya. Kwashe ta daga magudanar kuma zai hana ruwa kwanciya a sama, kwanciyar ruwan nan kuwa tana kashe rufi.

Da sassafe za ku hau, kafin kwaltar ta yi laushi. Kada ku taka inda ya kumbura.

Amma fa in silin ya riga ya jiƙe, ko kun taka kun ji ruwa a ƙarƙashi, shara ba za ta yi magani ba. Ku kira mai gyara, ya yanke wurin, ya bari ya bushe sarai kafin ya liƙe.