Littafi Ɗaya, Fim Biyu: Yadda Ake Auna Devdas na 1955 da na 2002

Duk inda gardamar fim ta tashi, a bencin mai shayi ne ko a ƙofar gidan kallo, daga Ringim har Bichi, a kan jarumi take ƙarewa: wannan ya ce Sharukan, dattijon can ya ce ba a yi kamar Dilip Kumar ba, a watse kowa da bakinsa. Idan kuwa fina-finan biyu daga littafi ɗaya aka ciro su, akwai hanyar auna su da ta fi haka, domin akwai mudu a hannu, wato littafin kansa. Devdas ya fi komai dacewa da koyon wannan aiki. Sarat Chandra Chattopadhyay ne ya rubuta shi da harshen Bengali, ya fito a 1917, gajere ne, kuma akwai fassararsa ta Turanci. Bimal Roy ya mayar da shi fim marar kala a 1955, da Dilip Kumar da Suchitra Sen da Vyjayanthimala. Sanjay Leela Bhansali ya sake yin sa a 2002, da Sharukan da Aishwarya Rai da Madhuri Dixit.

Kafin a kunna komai, a duba abin da mai tura fina-finai ya zuba a memori. Na 1955 yana cin wajen awa biyu da minti arba'in, na 2002 kuma awa uku da 'yan mintuna. In ka ga na 2002 ya tsaya a awa biyu da rabi, an datse shi, kuma waƙoƙi aka fi yankewa, alhali a fim ɗin Bhansali waƙa tana ɗauke da labari. Kada ka baro kasuwa sai ka ja fim ɗin zuwa ƙarshe a gaban mai turawar, ka ga ƙofar gidan mijin Paro, masoyiyar Devdas da aka aurar wa wani, ta rufe. In babu wannan, ya sake maka. Fim mai fassarar Hausa yana da daɗin kallo, amma bai dace da awo ba: masu fassara kan cusa barkwancin da babu shi, su cika wurin da darakta ya bari shiru da surutu. A nemi mai rubutun Turanci a ƙasa, wanda ya iya ya riƙa fassara wa sauran. In dole ce ta sa, to duka biyun su zama masu fassara, kada a haɗa ɗaya haka ɗaya haka.

Dare biyu ake ware wa aikin, kada a haɗa su a zama ɗaya. Bayan kaka ya fi, lokacin da ba a tashin asubar gona. A tanadi man janareta ko cajin batirin sola na awa huɗu kowane dare, saboda tsayawa da mayarwa baya. Mutum shida zuwa takwas sun isa. In suka wuce haka, taron ya koma gidan kallo. Labarin giya ne da gidan mata masu rawa, don haka ba na yara ba ne.

Tsohon ake fara kalla. Wanda ya fara da na 2002, idonsa ya sha gilasai masu launi da zinare da fitilu, in aka kawo masa marar kala zai ga kamar an rage masa tuwo, minti ashirin ya fara hamma. Kafin duka biyun kuma, mutum ɗaya aƙalla ya karanta littafin ya ba sauran labarinsa a taƙaice, ba tare da ya ƙara gishiri ba.

Sai a samo littafin rubutu, a ja layi biyu a tsaye, shafi ya kasu uku: littafi, 1955, 2002. Ba fim ɗin gaba ɗaya ake aunawa ba, wannan ɗiban ruwa da kwando ne. Wurare biyar ake zaɓa waɗanda labarin ba ya tafiya sai da su: ƙuruciyar Devdas da Paro, ƙin auren, zuwan Paro ɗakinsa da tsakar dare, tabon da ya yi mata a goshi, da mutuwarsa. A kowanne a rubuta abu huɗu: mintin da ya fara da wanda ya ƙare, inda abin ya faru, waɗanda suke wurin, da wanda ya yi magana ta ƙarshe. Mutum ɗaya ya riƙe agogo, wani ya riƙe biro, kada a ɗora wa mutum guda.

Agogon nan shi ke fara tona asiri. Bimal Roy ya daɗe a kan ƙuruciya, yaran biyu a ƙauye, makaranta, faɗa da shiri, har mai kallo ya san cewa duka da lallashi tun suna ƙanana haka suke. Bhansali ya buɗe da saurayi yana dawowa daga Landan bayan shekara goma, ƙuruciyar kuwa sai walƙiya. A littafi ba Landan aka tura shi ba, Kalkata ce.

Ƙin auren shi ne wurin da ya kamata a fi daɗewa, kuma nan ne Bahaushe ya fi saurin zamewa. A littafi dalilin gidan su Devdas shi ne gidan su Paro maƙwabta ne da ba su kai su daraja ba, kuma zuri'a ce da ke karɓar kuɗi in za ta aurar da 'ya. A wurinmu sadaki mutunci ne, auren da babu shi ba aure ba ne. A wurin manyan gidajen Hindu na Bengal a wancan zamani, karɓar kuɗi a kan 'ya kamar sayar da ita ne, abin gori. Wanda bai san wannan ba zai ga ƙin auren ba shi da tushe. Maganar dai ita ce ƙwarya ta bi ƙwarya, kuma a littafi cikin lalama aka faɗe ta, babu taro, babu ihu. Bhansali ya sauya dalilin, ya ce uwar Paro jinin masu rawa ce, sannan ya ƙirƙiro biki inda aka sa ta yi rawa a gaban jama'a kafin uwar Devdas ta ci mata mutunci. Ya ƙara wa matar wan Devdas mugunta, ya kawo wani suruki a gidan mijin Paro ya mayar da shi ɗan baƙin ciki.

A nan sai a tsayar da fim a yi tambayar da duk aikin ya rataya a kanta: wa aka ɗora wa laifi? A littafi da na 1955 babu mugu da za a nuna da yatsa. Al'ada ce, da raunin Devdas kansa, wanda yarinya ta ajiye kunyarta ta zo ɗakinsa da dare, shi kuma ya kasa tsayawa, ya gudu, ya aiko da wasiƙar janyewa. A na 2002 an raba laifin ga uwa da matar wa da suruki, sai kason Devdas ya ragu, ya zama wanda aka zalunta. Sauyin da ke motsa laifi daga kan wani zuwa kan wani shi ne babba. Sauyin sunan gari ko launin tufafi a rubuta shi a wuce.

Tabon goshi yana nuna ɗabi'ar daraktocin a abu ɗan ƙarami. A littafi a bakin ruwa ne, da sandar kamun kifi ya buge ta, kuma Bimal Roy ya bar shi a bakin ruwan. Bhansali ya kai shi cikin gida ranar biki, ya sa sarƙar lu'ulu'u a madadin sanda. Duka dai duka ne, amma na farko yana da muni a ido, na biyu an yi masa ado har mai kallo kan manta cewa namiji ne ya fasa wa mace goshi. A kalli wurin sau biyu a kowane fim, na biyun a kashe sauti. In babu kiɗa sai a ga abin da fuska da kyamara suka yi da kansu. Wurin da ya mutu da zarar an cire kiɗa, kiɗan ne ke riƙe da shi.

Akwai abin da ba ya cikin wurare biyar ɗin amma yana buƙatar layinsa daban, wato ƙari. A littafi Paro da Chandramukhi, mai rawar da ta kamu da son Devdas, ba su taɓa haɗuwa ba. A 1955 sun gifta juna a hanya, kallo kawai, babu kalma. A 2002 sun zama ƙawaye har da rawa tare, rawar da kowa ya sani. Kada a yi saurin cewa ƙari laifi ne. A tambaya ko matar babban mai ƙasa a Bengal ta wancan zamani za ta iya rawa a fili da mace irin Chandramukhi, sannan a tambaya me fim ɗin ya samu da ya yi hakan. Ya samu abin kallo da kuma muryar mata biyu da namiji ɗaya ya wahalar. Ya rasa katangar da labarin ya ginu a kanta. Kowa ya auna ribar da asarar da kansa.

Abin da ke ɓata wannan zama sananne ne. Na farko kuɗi: na 2002 shi ne fim mafi tsada da Indiya ta yi a lokacinsa, har bikin fina-finai na Cannes a Faransa aka kai shi, don haka in a kan kaya da gini za a yi hukunci, an gama tun ba a fara ba. Sai son jarumi. Maganinsa a sa masoyin Sharukan ya kare na 1955, dattijon da ya taso da Dilip Kumar ya kare na 2002, kowa da hujja daga takarda. Sai kunya, yaro ba ya musa wa babba. Mai jan zaman ya fara da ƙarami, kuma ya saba masa da cewa "Baba, a gafarce ni, a minti kaza ga abin da na gani", domin minti ba ya rashin kunya.

Mutuwar ce ake rufe takarda da ita. Dukansu sun kawo shi ƙofar gidan mijin Paro bayan doguwar tafiyar jirgin ƙasa, don cika alkawarin cewa zai zo mata kafin ya mutu. A littafi sai da aka ɗauke gawar sannan ta ji ko wane ne, daga wasiƙun da aka samu a jikinsa. Bhansali ya bar shi da sauran numfashi, tana gudu farin mayafi na jan ƙasa, yana hango ta dishi-dishi, ƙofa ta rufe, ransa ya fita. A layin ƙarshe na kowane shafi a rubuta ko ya mutu kafin ta sani ko bayan ta sani, da yawan mintunan da aka ba gudun nata.